Ladingo da Gwaggo Kawa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata katantanwa, sunanta Ladingo, tana zaune a duwatsun bakin teku, inda ruwa kan cika ya rufe su, ya kuma janye ya bar su a rana. Ba ta cin ganye kamar danginta na tudu. Nama take ci, harshenta kuwa kamar magagari.

Maƙwabtanta kawa ne, masu gida mai murfi biyu, kowace ta ɗaure kanta a jikin dutse da zare. In yunwa ta kama Ladingo, sai ta hau bayan wata, ta ce ta gaji, a bar ta ta huta. Tana hutun tana goga harshe, ƙur-ƙur-ƙur, har ta huda gidan ta zuƙe mai shi.

Ta huta a bayan ta fari, ta cinye ta. Ta huta a bayan ta biyu, ta cinye ta. Ta uku wata tsohuwa ce, Gwaggo Kawa.

"Gwaggo, a bar ni in huta."

"Huta, 'yata."

Ladingo ta soma ƙur-ƙur-ƙur. Sai Gwaggo ta miƙo zare ta liƙa mata a baya. Maƙwabta ma suka miƙo nasu. Kafin ruwa ya janye, an ɗaure ta tamau.

Rana ta take. Can sai Ladingo ta hango Kaguwa ta nufi ramin da ita Ladingo ta jera ƙwayayenta, rawaya-rawaya kamar tsabar alkama. Ta ja, ta ja, zare ya ƙi tsinkewa. Sai ta fashe da kuka.

Gwaggo ta tambaye ta ko ƙishi ne. Ta ce a'a, 'ya'yanta za a cinye.

Tsohuwa ta ce, "Biyun nan da kika huta a bayansu, 'ya'yana ne."

Duk da haka Gwaggo ta kira ƙanwarta da ke bakin ramin, ta ce ta buɗe gida. Kaguwa na jefa ƙafa a ciki, ƙanwar ta datse ta. Kaguwa ta bar ƙafar nan, ta arce a karkace.

Sannan aka kwance Ladingo. Cin nama dai ba ta bari ba, haka Allah ya yi ta, amma ba ta ƙara farauta a dutsen nan ba. Da ƙwai suka ƙyanƙyashe, ta jero 'ya'yan suka zo gaida Gwaggo.

Kun ji, wanda ya kama ka ya sake ka, girmansa ya fi ƙarfinsa.

Ƙurunƙus kan kaguwa.