Babin Rijiya a Gaban Alƙali Sambo

An ce wai a wani gari na ƙasar Zamfara, tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, an yi wani malami ana ce masa Malam Hambali. Ya yi suna wajen karantar da wani tsohon littafi na labarin ayari, wanda malaman garin suka gada hannu da hannu. Al'adarsu kuwa ita ce ɗalibi ya ja baƙi malami ya fassara, kuma ba mai karantar da littafin sai wanda malaminsa ya ba shi izini.

A cikin ɗalibansa babu kamar Mahe. Tare suka tashi da Ɗalhatu, ɗan Malam tilo, akushinsu ɗaya, tabarmarsu ɗaya. Da suka sauke littafin Malam ya ba su izini, ya sa musu albarka, suka bi ayarin alhazai. A hanya cutar agana ta kama Ɗalhatu a wani ƙauye. Ayari ya ƙi jira, Mahe ya bar shi a hannun mutanen ƙauyen, ya wuce. Da ya biyo ta nan a dawowa, kabari aka nuna masa.

Mahe ya iso gida, amma ƙafarsa ta kasa kai shi ƙofar Malam. Ta bakin liman ya aika da labarin. Kullum sai ya ce gobe zai je, har shekaru suka shuɗe, kunya ta yi masa katutu. Ya buɗe zaurensa a wata unguwa, ɗalibai suka cika shi. In ya hango Malam tafe sai ya saki hanya, kuma ranar nan abinci ba ya shiga bakinsa.

To, a cikin littafin akwai babin da ake kira babin rijiya. Wani madugu ne ƙanensa ya kwanta ciwo a bakin wata rijiya mai ƙafewa, a tsakiyar hamada. In an tsaya jinya, ƙishirwa ta gama da ayari. Madugu ya ajiye masa salkar ruwa, ya kaɗa raƙuma. Tun rasuwar Ɗalhatu, in Malam Hambali ya zo nan sai ya ce madugun nan maci amana ne, kuma domin a tona asirin irinsa aka rubuta littafin. Mahe kuma yana gaya wa nasa ɗaliban cewa duk littafin babu abin tausayi kamar madugu. Ɗalibai kuwa ba a raba su da kai-kawo, har da ƙarin gishiri. Ba a jima ba Malam ya kai ƙara wurin Alƙali Sambo, cewa Mahe ya sauya fassarar da aka gada, yana son a karɓe izininsa.

Mahe ya san abin da hakan yake nufi. Malamin da aka karɓe wa izini, ko a wani gari ba mai sake zama a gabansa. Ba shi da gona, ba shi da sana'a, karatun nan shi ne rayuwarsa.

Ranar shari'a zauren alƙali ya cika. Mafi yawansu ko bangon littafin ba su taɓa gani ba, amma kowa ya zo da hukuncinsa a kan madugu. Malam Hambali ya fara magana, bai ko dubi inda Mahe yake ba.

"Allah ya gafarta malam, ni na ɗora masa littafin nan a cinya. Yau ya wanke mutumin da ya bar jininsa a daji. In aka ƙyale shi, yaran garin nan za su tashi suna ganin barin ɗan uwa hikima ce."

Mahe ya ce, kansa a ƙasa, "Allah ya gafarta malam, ban wanke shi ba. Cewa na yi ya ceci rayuka, ya rasa kwanciyar ransa har abada."

Alƙali Sambo dattijo ne mai jinkirin magana, ya karanci littafin tun yana saurayi, kuma ya san abin da garin duka ya sani. Ya ce, "Ba zan yi hukunci da abin da ɗalibai suka kawo ba. A ɗauko littafin. Kowannenku ya karanta mini babin rijiya daga farko har ƙarshe, baƙi da fassara, kada ya tsallake ko layi ɗaya. Wanda ya kai ƙarshe, fassararsa ce ta tsaya."

Malam Hambali ya karɓa. Muryarsa ta cika zauren, yana ja yana fassarawa kamar yana zuba ruwa. Har ya iso inda ƙanen ya buɗe ido ya ce wa madugu, "Tafi, yayana, kada ka waiwayo, ni na yafe maka." Sai Malam ya ce, "Ma'anar nan a fili take," ya kai hannu zai juya shafi.

Alƙali ya ce, "Malam, ba tsallake."

Malam Hambali ya dubi shafin. Ya fara, ya tsaya. Ya sake farawa, ya kasa. Ya ture littafin gefe. Ɗalibansa suka dubi juna, sai a lokacin suka tuna rabon da su ji fassarar wurin nan a bakinsa tun kafin mutuwar ɗansa.

Aka miƙa wa Mahe. Ya wuce maganar ƙanen da taushin murya, ko duba baƙi ba ya yi, don wurin nan ya fi ƙauna a duk littafin. Har ransa ya fara sanyi. Sai ya iso ƙarshen babin, inda madugu ya dawo gida, tsohon ubansu ya fito ƙofa ya tambaye shi, "A ina ka bar shi?" Nan ne kullum Mahe yake ce wa ɗalibansa lokacin salla ya yi. Yau babu sallar da za ta cece shi. Ya yi ta kallon layin har baƙin ya dushe a idonsa, ya rufe littafin.

Alƙali Sambo ya ce, "Mai littafin nan ya ba kowa bakin magana. Ya bar ƙanen ya yafe, ya bar uban ya yi tambaya, ya bar madugu tsaye a tsakaninsu bai ce uffan ba. Bai la'ance shi ba, bai wanke shi ba. Ku ne kuka raba babin biyu, kowa ya ɗauki rabin da zai iya haɗiyewa. Ga hukuncina. Izinin Mahe yana nan, amma daga yau ba wanda zai karantar da babin rijiya shi kaɗai. A zaure ɗaya za ku zauna. Mahe ya karanta wa Malam maganar ƙanen, Malam ya karanta wa Mahe tambayar uban. Ku fara yanzu."

Mahe ya matso gaban malaminsa ya durƙusa, kamar yadda yake yi yana ɗalibi. Ya karanta maganar ƙanen, dattijo yana ji, idonsa a rufe. Sa'an nan Malam ya karɓi littafin, ya nemo layin da yatsa. Amma bai karanta ba. Ya ɗaga kai, ya dubi Mahe ido cikin ido, karo na farko tun dawowarsa.

"A ina ka bar shi?"

Madugun littafi shiru ya yi. Mahe ya ji in ya yi shirun nan yau, da shi zai shiga kabari.

"A wata bukka, Malam, a gefen ƙauyen, hannun wata tsohuwa mai kirki." Mahe ya ƙara da cewa, "Bai ce in tafi ba. Bakin rigata ya riƙe. Ni na ɓamɓare yatsunsa."

Hawaye ya gangaro cikin gemun dattijo, bai share ba. Can ya ce, "Ya sha ruwa?"

"Na ba shi, Malam. Ya sha sosai."

Malam Hambali ya daɗe yana jinjina kai. Ya dafa sandarsa ya miƙe. "Allah ya gafarta malam, na janye ƙarata." Ya juya ga Mahe. "Ban ce na yafe ba, don ba ni ka ɓamɓare wa yatsu ba. Amma ka zo gobe da hantsi, ka faɗa mini sauran."

Damina ɗaya suka karantar da babin tare, kafin kaka ta shigo Allah ya yi wa Malam cikawa. Mahe ne ya yi masa wanka. An ce har ya tsufa, in ya zo tambayar uban yana karanta ta, amma sai ya yi kuka tukuna.

Masu hikima suka ɗauki darasi daga wannan, suka ce: kada ka auna mai karatu da shafin da yake maimaitawa, nemi wanda yake tsallakewa, don a nan ciwonsa yake. Kuma wanda zai yanke wa mutanen cikin littafi hukunci, ya fara tambayar kansa ko littafin yake karantawa, ko zuciyarsa.