Ƙahon Jirgi a Kaset ɗin Barau

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don a ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A Kafanchan, zamanin da jirgin ƙasa ke shigowa kullum, an yi wasu matasa huɗu masu kiɗan rok, irin na jita mai lantarki da ganguna masu tashin kai. Sunan ƙungiyarsu Baƙin Ƙarfe, mawaƙinsu kuma Barau, shi ke tsara baitoci. Ba sa yabon mai kuɗi, ba sa kiɗan biki, sai waƙar leburori da wahalar gari, don haka mutane suka ɗauke su mahaukata.

Sau ɗaya tak suka ɗauki waƙoƙinsu a kaset, a wani shago bayan tasha. Ana tsakiyar wadda ta fi daɗi, mai suna "Tsatsa", sai jirgin kaya ya saki ƙaho har sau uku, ya shige cikin kaset ɗin. Duk kamfanin da suka kai wa sai a yi musu dariya a nuna musu ƙofa. Ƙungiya ta watse. Daga baya ciwon maƙogwaro ya kama Barau, aka yi masa aiki, murya ta tafi ke nan.

Bayan shekara talatin, wani mawaƙin zamani da ake kira Kwalisa ya fito da "Tsatsa" baiti da baiti, ya ce wai a mafarki aka ba shi. Alhali a bakin kawunsa ya ji ta, tsohon lebura. Barau ya rubuta a takarda cewa tasa ce, ya riƙa nuna wa mutane a majalisa. Sai su ce, "To baba, rera mana mu ji mana!" Mutumin da aka yanke wa maƙogwaro ake ce wa ya rera! Wannan ai rashin imani ne. Barau ya daina fita, baƙin ciki yana cin sa, don ya ga zai mutu da sunan maƙaryaci.

Sallau, mai gangar ƙungiyar a da, shi ya fara zuwa wurinsa. Ashe ranar da kamfani na ƙarshe ya kore su, Barau ya yi jifa da kaset ɗin cikin kwata don haushi, Sallau ya koma ya tsamo shi. Ya ɓalle ɗan haƙorin nan na bayan kaset don kada wani ya ɗauki wata magana a kai, ya sa shi a gwangwanin madara. Ya tashi gida sau biyar, gobara ta cinye ɗakinsa da gangunansa, amma da gwangwanin nan ya fito a hammata.

Da aka buɗe, zaren ya tsinke wuri bakwai, ya yi funfuna, ya manne. Talatu, mai kaɗa babbar jita a da, yanzu tela ce, idonta ma ya raunana. Kwana goma sha biyu ta rufe shago ana gab da Kirsimeti, masu ɗinki suna zaginta. Ta goge zaren da auduga taku da taku, ta liƙe kowane tsinki da jan farce, ta naɗe shi da biro. Ba wanda ya san jerin waƙoƙin da zai haɗa guntayen daidai sai ita.

Jatau, mai jita ta biyu, ya kai kaset ɗin gidan rediyo, aka ce ba a sa tarkace. Sai ya ari lasifikar wani mai tallar magani, ya haɗa ta da rediyo mai kaset, ya kafa ta a ƙofar filin da Kwalisa zai yi wasa, ya kunna. Magoya bayan Kwalisa suka rufe shi da duka har haƙori biyu suka zube, shi kuwa ya kife a kan rediyon, ya ƙi bari a kashe. Da ƙahon nan ya tashi, wani tsohon direban jirgi ya ɗaga sanda ya ce, "Ku dakata! Wallahi ƙahon jirgina ne, ni na ja shi. Kafin a haifi wannan mawaƙin naku aka daina hawa injin nan." Kwalisa ya sulale ta baya.

Barau yana tsaye a gefen titi. Rabonsa da jin muryarsa shekara ashirin, ya dafe maƙogwaro, hawaye na zuba.

Abu ɗaya ya mallaka mai daraja, jar jitarsa, hannunsa kuma ya fara rawa, ba ya iya kaɗa ta. Ya rantse wanda ya dawo masa da sunansa zai ba. Ya rubuta sunaye uku a takarda, har yau biro na hannunsa ya kasa zagaye ɗaya.

To, Sallau da ya adana, Talatu da ta gyara, Jatau da ya sha duka har duniya ta ji, wa za ku ce Barau ya miƙa wa jitar?