Katangar Mai Siminti

An yi wani mutum mai sayar da siminti a wata unguwa da ke kan gangare. Yau idan ka tambayi mutanen wurin abin da ya karya shi, amsa ɗaya za ka ji. Wai 'yan aikin sa-kai masu yashe magudanar ruwa ne suka ƙullace shi, suka toshe kwalbati da buhunan yashi don ruwa ya ci dukiyarsa.

Ya 'yan uwa, "an ce" ba shaida ba ce. Na tambayi wanda ya rantse ya gani, ya ce maƙwabcinsa ne ya gani. Na sami maƙwabcin, ya ce matarsa ce ta ji a bakin famfo. Sai na bi maganar ƙafa da ƙafa har tushenta, ga kuma abin da na tarar.

Magudanar unguwar ta taso ne daga bakin babban titi, ta gangaro ta tsakanin gidaje, ta ƙare a wani lungu bayan siton mai siminti. A nan take shigewa ƙarƙashin hanya ta wani kwalbati mai ragar ƙarfe a baki. Duk ledar da aka yar a sama, duk tsumma da robar ruwa, a jikin ragar nan suke taruwa. Idan ta toshe, ruwa ba shi da wurin zuwa sai cikin sito.

Shekara goma sha ɗaya ba ta toshe ba. Dalili kuwa mutum biyar ne: wani tela, wani makaniki, wani direban motar haya, wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, sai babbansu, tsohon mai gyaran famfo da ake kira Baba Agwagwa, don kullum yana cikin ruwa, tafiyarsa ma irin ta agwagwar ce. Kowace Asabar da safe suke fitowa da shebur da manjagara. Ba wanda ya sa su, ba wanda ke biyansu. Maza su shiga taɓo, ita kuma ta tsaya da akwatinta tana jiran wanda kwalba za ta yanka.

Suna da ƙa'ida guda: daga ƙasa ake fara yasa, a hauro sama. Baba yakan ce, "Ruwa baƙo ne mai gaggawa. Kafin ka ce masa shigo, ka buɗe masa ƙofar fita."

Shi mai siminti, abin da ya taɓa yi a aikin nan shi ne ya ba su wani tsohon baro mai karkatacciyar taya, da sunan shagonsa ɓaro-ɓaro a jiki. Tela ya ce baron nan ko a sama aka ajiye shi, shagon ubangidansa zai nufa.

Wata rana wani jami'in hukumar gari ya zo bincike, don an lura unguwar ce kaɗai ba ta ambaliya. Ya ga baro jingine a bango, ya karanta sunan, ya nufi shagon.

"Kai ne ke jagorantar wannan aikin alheri?"

Mai siminti ya dubi jami'in. Ya san amsar. Daga inda yake zaune yana hango ƙofar gidan Baba Agwagwa, aminin marigayi mahaifinsa, mutumin da ya taɓa goya shi zuwa asibiti yana yaro. Da yatsa kawai zai nuna. Sai ya gyara zama, ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ya ce, "To, muna dai ɗan taɓawa."

Kun ga bai yi ƙarya da babbar murya ba. Ƙofa kawai ya bar mata a buɗe.

Jami'in ya ba shi takarda mai layi shida ya cika sunayen masu aikin. Ya rubuta nasa a layin farko. Ya daɗe riƙe da biro a kan layi na biyu. Daga nan ya rubuta: "da sauransu."

Ranar karramawa aka cika babban ɗakin taro. Mutanen nan biyar ba a aika musu da katin gayyata ba, amma sun je, suka tsaya a baya kusa da ƙofa, wai su taya ɗan unguwa murna. Aka kira mai siminti Gwarzon Unguwa, aka miƙa masa takardar yabo cikin gilashi, da sababbin kayan aiki. Da ya karɓi abin magana ya ce, "Ba sauƙi, amma ni da yarana ba ma gajiya."

Tela ya taɓo Baba da gwiwar hannu. "Baba, ashe mun yi uba ba mu sani ba. Kai ma je ka gaishe shi, ko ya saya maka alewa."

Baba ya yi dariya har da tari. Amma ma'aikaciyar jinyar ta ga yadda ya share ido da gefen hularsa.

Da mai siminti ya koma gida yana neman ƙusar da zai rataye takardar, matarsa ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Maigida, ni ce mai wanke maka kaya. Ban taɓa ganin taɓo a ƙafar wandonka ba. Ko da baki ne, ka je ka gode wa tsohon nan."

Ya ce, "Su don Allah suke yi. Ladansu na wajen Allah."

Ya 'yan uwa, ku tsaya mu auna wannan magana, don kowa a cikinmu ya taɓa faɗinta. Gaskiya ce, ladansu na wajen Allah. Amma a bakin wa take da daɗi? Idan mai aikin ne ya faɗa, ikhlasi ne. Idan wanda aka yi wa aikin ne ya faɗa don ya huta da godiya, to ya cuci bawa ne, ya tura shi wajen Ubangiji ya karɓo diyya. Me ya sa nasa ladan bai bar shi wajen Allah ba, sai da ya sa shi a gilashi?

Tun daga ranar bai ƙara samun natsuwa ba. Ba wanda ya ce da shi uffan, amma ɓarawo ba ya ƙaunar wanda ya gan shi. Duk Asabar idan suka wuce ta gaban shagonsa za su shiga lungu, sai ya ga shaidu biyar ne ke wucewa. Gaisuwarsu ma sai ya ji kamar habaici. Ga baƙi sun fara zuwa ganin Gwarzo. Idan wani ya tsaya ya tambayi tsohon nan mai warin kwata, me zai ce?

Sai ya kira magina. Cikin kwana huɗu suka ja katanga a bakin lungun, suka sa ƙofar ƙarfe, ya danna mata kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce saboda ɓarayi ne. Sa'an nan ya ɗauko leburori, ya raba musu sababbin kayan aikin nan, ya sa suka yashe magudanar ta sama, ta bakin titi, inda ido ke gani. Suka kankare ta fes, har aka shafa wa gefenta farin fenti. Aka ɗauke shi hoto riƙe da shebur, takalminsa na ƙyalli.

Baba Agwagwa ya same shi a shago, ya tsaya daga bakin ƙofa don kada ya ɓata masa daɓe.

"Ɗana, takarda taka ce, Allah ya sa albarka. Ni makulli na zo aro. Ka buɗe wa ruwa hanya ta sama, ka bar ƙasa a rufe. A da, dattin saman nan ne ke rage masa gudu. Yanzu a guje zai zo, kuma a bayanka zai tsaya."

Akwai baƙi biyu zaune. Mai siminti ya saci kallonsu. Ya ce, "Baba, aikin nan yanzu ya wuce na gargajiya. Akwai tsari. Ka je ka huta, ƙafafunka sun gaji."

"Ƙafafuna sun gaji tun kana rarrafe. Makullin dai."

"Na ce akwai tsari."

Asabar uku a jere suna zuwa su tsaya a bakin ƙofar ƙarfen da shebur a kafaɗa, su jira, su koma. A ta ukun makaniki ya ce a bar shi ya ɓalle kwaɗon, minti ɗaya ya ishe shi. Baba ya hana, ya ce ba za a ce sun fasa wa mutum ƙofa ba.

A makon ne mai siminti ya tattara duk abin da ya mallaka ya sauke kaya, mota bayan mota, har buhuna suka kusa taɓa rufi. Sunansa ya yi ƙamshi, manyan masu gini duk wurinsa suka nufo.

Ranar Alhamis bayan la'asar hadari ya haɗo. Yana tsaye a ƙofar sito ya ga ɗigon farko ya faɗi. Kafin ya gama rufe taga ya ji wani ruri daga sama, kamar babbar mota ta tsinke birki. Ruwa ne ke gangarowa ta magudanar nan da ya sa aka kankare, ba leda, ba dutse, ba abin da zai ce masa tsaya. Ruwan ya zo ƙasa ya tarar da hanya a rufe. Ya juya, ya fara hawa.

Mai siminti ya ga wani siririn harshen ruwa ya leƙo ta ƙarƙashin bangon baya, ya lashi buhun farko.

Maƙwabta suka fito, ruwa ya fara shiga tsakar gidajensu. Wata tsohuwa rungume da jikanta tana ihu, "Gwarzo! Ina Gwarzo? Fito ka buɗe mana!"

Ya zaro makullin, ya buɗe ƙofar ƙarfen. Ruwa ya kai masa cinya, ja wur, shimfiɗe daga bango zuwa bango. Ya tsaya yana dube-dube. Mutane sun cika bayansa suna jira. Ya ɗauki sanda ya caka nan, ya caka can.

Tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, ba nan ba ne. Ina bakin yake?"

Ya sake caka sandar a wani wurin.

"Ba ka san inda yake ba?"

Shekara goma sha ɗaya bakin kwalbatin na bayan bangonsa, taku ashirin daga kujerarsa, bai taɓa leƙa shi ba. Ba wanda ya zage shi. Kallon da mutanen suka yi masa ya fi zagi.

Sai ga Baba Agwagwa ya ratso jama'a da igiya a kafaɗa, sauran huɗun na biye. Ba wanda ya kira su. Bai ko dubi mai siminti ba. Ya ɗaura igiyar a ƙugu, makaniki da direba suka riƙe, tela ya hau katanga yana nuna masa kusurwar. Ragar tana da wani ƙarfe a ƙasa ta hagu, sai an zare shi take ɗagawa, Baba kaɗai ya san shi da lalube. Ya nutse, ya taso. Ya sake nutsewa, ya taso yana haki. A na uku ya daɗe, har ma'aikaciyar jinyar ta fara salati da ƙarfi.

Sai ruwa ya yi wata irin zuƙa, ya fara juyawa. Suka ja igiya da dukkan ƙarfinsu. Baba ya fito, amma ragar ta datse masa yatsu biyu na hannun dama. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗaure masa da ɗankwalinta.

Gidajen maƙwabta sun tsira. Sito kuwa ruwa ya riga ya kai ƙirji a cikinsa, buhunan ƙasa suka jiƙe, na sama suka rufto a kai. Kun san siminti da ruwa. Bayan kwana uku dukiyarsa kaf ta zama dutse guda, sai da guduma aka fasa aka fitar. Masu ginin da ke rububinsa suka daina ɗaukar wayarsa. Ya sayar da wurin, ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar. Takardar yabon ma a bango ya bar ta.

Ya 'yan uwa, satar yabo sata ce, ko da ba a fasa akwati ba. Mai yin ta kuma ba ya tsayawa a nan, sai ya kori mai haƙƙin daga gabansa, don ganinsa na ƙona shi. Da ya kori mutum, da ilimin mutumin ya kora.

Kada kuma mu tsaya nuna shi da yatsa. Me ya sa unguwa guda ta yarda da tsegumin nan da sauri haka? Don shekara goma sha ɗaya suna tsallake mutanen nan a cikin kwata, suna toshe hanci, ba wanda ya taɓa cewa sannu. Wanda ya san bai kyauta maka ba, shi ne farkon mai zaton kana ƙullace da shi.

Wa ke share ƙofar makarantar 'ya'yanku? Wa ke tsayawa a rana yana tsallakar da su titi? Kun san sunansa? Bakin da ya yi nauyin gode wa mutumin da yake gani, yaya zai yi sauƙi wajen gode wa Ubangijin da ba ya gani?

Game da buhunan da aka ce an gani, an gan su. Direba da makaniki ne suka ciro su daga jikin ragar washegari, a gaban mutane. Ba na yashi ba ne. Fankon buhunan siminti ne da magina suka watsar a magudana lokacin da suke gina katangar, kowanne da tambarin shagonsa. Wanda ya fara cewa an toshe da gangan kuwa, mai siminti ne da bakinsa, ranar da yake loda kayansa. Baba Agwagwa har yanzu yana fitowa ranar Asabar, da hagu yake riƙe shebur.

Allah ya kiyaye mu da cin gumin wani da sunanmu. Allah ya sa mu ga masu yi mana hidima tun ƙafafunsu na ɗauke da su, ya kuma sassauta harsunanmu ga godiya. Amin.