Rabon Gulbi a Ganuwa

An yi wani sarki a ƙasar Zangarma, ana ce masa Yahuza, wanda garuruwan Gulbi suka yi wa tawaye, aka gwabza har kowa ya ji a jikinsa, sannan Allah ya ba shi nasara. Sai dai nasarar ta zo da ciwon kai, domin in ya wulaƙanta mutanen Gulbi za su koma daji yaƙi ya dawo sabo, in kuwa ya yafe musu haka kawai, masu biyayya za su ce an raina wahalarsu.

Madawaki, shugaban mayaƙa, mutum mai zafin kai, ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, su zo da rarrafe, sannan su gyara mana ganuwa kaf su kaɗai!"

Sarki ya nemi shawarar Waziri Barmo, tsoho mai hikima da barkwanci. Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a fara zuwa a ga ganuwar."

To, al'adar ƙasar ita ce, bayan kowace damina kowane gari yana da gefen da yake gyarawa. Suna isa gefen Gulbi, wanda ba a taɓa ba tun farkon yaƙi, sai ga jakuna suna shigowa birni ta inda ganuwar ta rushe, ko sallama babu! Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda aka sa ya gina ganuwa duka bawa aka mai da shi, kuma ba zai damu ba in ta rushe. A aika musu da faɗa irin na cikin gida: damina ta wuce, ga rabonku a zube, me kuke jira?"

Da saƙon ya isa, Magajin Gulbi, jagoran tawayen, wanda ya riga ya yi wasiyya yana jiran hukuncin kisa, sai ya fashe da kukan murna, ya ce, "Ashe har yanzu ana yi da mu!"

Suka taho da kwanduna da kiɗa. Masu biyayya suka ga gumin Gulbi yana zuba, zuciyarsu ta yi sanyi, har suka shiga miƙa musu tubali suna tsokanarsu wai gininsu a karkace yake. Madawaki ma, don kada a bar shi a baya, ya tuɓe riga ya shiga kwaɓa ƙasa.

Sarki ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya ce, "Ku shaida, adalci shi ne wanda ya dawo gida a mayar masa da kayansa ya ɗauka, kada a rage masa, kada kuma a ɗora masa na wani."