Ƙullin Raƙumi a Jirgin Uwaisu

Yarima Hamdanu ya kashe Sarkin Aljanun Iska, ya auri Gimbiya Zumurruda, aka naɗa shi sarkin Marjan da ke bakin teku, amma ya dawo babu yayansa Uwaisu, wanda ya tuƙa jirgin da ya kai shi yaƙin.

Uwaisu ya bar fadar mahaifinsu tun yana saurayi ya bi teku. Hamdanu kuwa a hannun kawunnansa makiyayan raƙuma ya girma. Da aljanin ya sace gimbiyar zuwa tsibirinsa, Hamdanu ya ratsa sahara, ya wuce birnin matsafa inda ƙofofi ke tambayar baƙo sunansa, har ya iske yayansa a gaɓa.

"Ɗan raƙumi, ajiye takobin nan," in ji Uwaisu da suka shiga jirgi. Ya miƙa masa igiya da hagu, domin bahago ne. "Ita ke riƙe da zanen da iska ke turawa. Zarge za ka yi mata a turke, yadda fizga ɗaya za ta sake ta."

Hamdanu ya yi dariya. "Yaya, na ɗaure amale yana kumfar baki, tsumma ne zai gagare ni?"

Da Uwaisu ya juya baya, sai Hamdanu ya yi mata ƙullin makiyaya, wanda in an ja shi sai ya ƙara cijewa.

Suna hango tsibirin, Sarkin Aljanu ya miƙe daga ruwa, kansa cikin gajimare, ya ce, "Ya ku 'yan Adam, da numfashina kuka zo, da shi za ku nutse." Ya hura.

"A saki zane!" Uwaisu ya daka tsawa.

Kowace igiya ta saku, ban da ta Hamdanu. Jirgin ya karkata har turken ya shige ruwa, wuƙa ba ta kai gare shi. Uwaisu ya ciji wuƙarsa, ya hau jigon jirgin da zanen ke rataye a kai, ya yanke igiyar daga sama. Jirgin ya miƙe. Zanen ya tashi da Uwaisu, ya yi gabas.

A ranar Hamdanu ya sare kan aljanin a farfajiyar fadarsa ta lu'ulu'u.

Tun da ya hau gado, kullum bayan la'asar yakan sauka gaɓa da guntuwar igiya, ya yi zarge, ya fizge, ya sake yi. Sarauniya Zumurruda takan bi shi da alkyabba.

"Ranka ya daɗe, ai ka iya," ta ce masa wata rana.

"Na iya. Wanda zan nuna wa ne babu."

A damina ta bakwai masunta suka kawo fada wata igiyar ɓawon kwakwa da ruwa ya turo. Sabuwa ce, gishiri bai ci ta ba. Akwai zarge a bakinta, ɗaurin bahago.

Sarki Hamdanu ya tura jirage gabas neman yayansa. Duk sun dawo hannu wofi, sai ɗaya da har yau ba a ji labarinsa ba.