Wa Ke Cin Harawar Munzali?

Akwai wani manomi a Kwandiko ta ƙasar Gwaram, sunansa Munzali. 'Yan majalisa kuwa "To-ke-nan" suke ce masa, don ba ya barin magana ta wuce bai yanke mata hukunci ba. In ka yi tari bayan ka sha kunun gidan wani, to ke nan matar gidan ba ta ƙaunarka.

Tun zamanin iyaye akwai amana tsakanin gidansu da gidan wani makiyayi mai suna Hambali. Da an gama girbi, Hambali zai sauke shanunsa a gonar Munzali, su ci kara, su kwana, su zuba taki. Gonar rairayi ce zalla. In ba takin nan, geronta ko ƙugu ba ya kaiwa. Shanun Hambali ne ke cika rumbun Munzali, ko da yake bai taɓa faɗin haka a majalisa ba.

Wata shekara wake ya yi kyau. Munzali ya ɗaure harawa dami-dami, ya ɗora can saman wata kanya a gonar, inda akuya da saniya ba sa kaiwa, don ragunan da yake kiwo.

Sai harawa ta fara raguwa.

Zama ya gagari Munzali. Ya shiga ɗaki ya fito, ya cire hula ya mayar, tuwo ya huce a gabansa. Can ya kira matarsa.

"Hapsatu, zo ki ji yadda ake aiki da hankali. Me ke cin harawa?"

"Dabba."

"Wa ke da dabbobi a gonata?"

"Hambali."

"To ke nan!"

"Malam, saniya tana hawa bishiya ne?"

"Shi yake sauko musu da ita."

"Ka gan shi?"

"Da na gan shi ai da ba gwani ba ne. Rashin ganin nasa ma shi ne babbar shaida."

Da safe ya koma gindin kanya. Ya ga wasu sawaye manya kamar faifai, babu alamar kofato. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya kaɗa kai. To ke nan, tsumma Hambali yake naɗawa a ƙafa don ya ɓad da sawu. Ya ɗaga kai ya ga ba a kwance igiyar damin ba, fizga kawai aka yi. To ke nan, sauri yake yi kada a kama shi.

Da matar Hambali ta aiko da nono kamar yadda ta saba, ya ce kunya ce ke cin su. Ranar da ba ta aiko ba, ya ce ga shi sun fara guje masa.

Kullum rana ta take, Munzali yana majalisa yana jera hujjoji. Ya kai maganar kasuwar Gwaram. Har mota ya hau zuwa Birnin Kudu don surukinsa ma ya ji. Ko'ina ya je, ban da wuri ɗaya.

"Ka je ka wuni a gindin kanyar mana," in ji Hapsatu.

"Wanda ya riga ya san amsa, me zai je nema?"

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tare Hambali a gaban mutane, ya zazzage masa komai, tun daga tsumma har nono. Hambali ya jingina da sandarsa, ya saurara har ƙarshe.

"Munzali, ni?" ya ce a hankali. "Ubana da ubanka ƙwarya ɗaya suka sha fura. Na ji hujjojinka, suna da yawa. Wanda ya gani ne kawai ban ji sunansa ba."

Washegari ya kaɗa shanunsa zuwa Yalwan Damai, gonar wani Salihu da ya daɗe yana roƙon ya sauka wurinsa.

Harawa kuwa ta ci gaba da raguwa.

"To ke nan, dawowa yake yi!" in ji Munzali.

"Daga Yalwan Damai? Kullum?"

"Ke ba ki san Bafulatani da tafiya ba."

A wannan karon dai ya rantse sai ya kama shi da hannu. Ya fasa zuwa majalisa, ya ɗauki gora, ya haye kanya, ya lafe a cikin harawa.

Rana ta take. Sai ya ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa. Yana waigowa suka yi ido huɗu da raƙumi.

Ashe na wani Abu ne mai dakon hatsi zuwa kasuwanni, wanda kan sake shi ya yi kiwo da tsakar rana, daidai lokacin da Munzali ke majalisa yana tabbatar wa duniya laifin Hambali. Raƙumin bai ko gaishe shi ba. Ya miƙa wuya ya fizgi harawa, ya haɗa da hula.

An ce ihun da Munzali ya yi har Gwaram an ji. Ni dai ina Birnin Kudu ban ji ba, amma ranar kajina sun watse ba dalili.

Ko gida bai biya ba. Haka ya isa Yalwan Damai da kai ba hula, ya tarar da shanun kwance a gonar Salihu, ƙasa ta yi baƙi da taki.

"Kaɗo, ina hular?" in ji Hambali.

"Raƙumi ya cinye."

"To ke nan," in ji Hambali, "raƙumin ma nawa ne."

Salihu ya yi dariya har da riƙe ciki. Munzali ya sunkuyar da kai ya nemi gafara.

"Na yafe maka tun ranar. Amma na riga na yi wa Salihu alkawari har faɗuwar ruwa, kuma ni ba na tashi sai an kore ni."

Da kaka ta zo, Salihu sai da ya gina sabon rumbu. Na Munzali ko rabi bai kai ba. Ya tsaya yana leƙa ciki, ya gyara murya.

"Hapsatu, in kin lura da yadda ruwan bana ya..."

"Malam," ta ce, "ko geron ma raƙumin ne ya cinye?"

Ya mayar da murfin rumbun, ya nufi ɗaki.

Darasi: Hankali ba yawan jera hujja ba ne. In ka fara yanke hukunci sannan ka shiga neman dalili, duk abin da ka gani zai goyi bayanka, har abin da ke ƙaryata ka. Kafin ka zargi mutum, tambayi kanka: na gani, ko tsammani nake? In akwai hanyar dubawa, tashi ka duba. Ku tura wa 'yan majalisarku, don kowace majalisa tana da nata Munzalin. In kun duba ba ku gan shi ba, to ke nan.