Danshin da ya kama ɗakin Inna Hajo

Akwai wani ɗan kasuwa mai suna Jabiru da ke sayar da albasa a Sakkwato. Mahaifiyarsa Hajo kuwa tana zaune a tsohon gidansu na laka a Shagari.

Shekara uku a jere, da damina ta sauka sai danshi ya taso daga gindin bangon ɗakinta har ya kai ƙugun mutum. Fenti ya kumbura ya ɓare, wani farin abu kamar gishiri ya feso, tufafin da ke cikin akwati su yi wari. Daga baya tari ya kama ta, ya ƙi jin magani.

Sau biyu Jabiru yana sa a yaɓe bangon da siminti, amma a banza. Sai ya yanke shawarar rushe ɗakin ya ɗauke ta zuwa Sakkwato. Hajo ta ce a ɗakin nan mijinta ya cika, ba inda za ta.

Da abin ya ishe shi, ya je Bodinga ya ɗauko wani tsohon magini da ake yabo, mai suna Ɗanmusa.

Tsohon bai daɗe a cikin ɗakin ba, ya ce a zagaya da shi baya. Bayan ɗakin kuwa garken maƙwabcinsu Malami ne. Kwamin da shanu ke shan ruwa na jingine da bangon, taki kuma ya taru shekara da shekaru har ƙasar wajen ta fi daɓen ɗakin tudu.

Ɗanmusa ya ce, "Alhaji, wanga bango ba shi da laihi. Daga nan shika shan ruwa, ku ko kun toshe shi da siminti, ba ta inda za shi bushewa."

Ran Jabiru ya ɓaci. Ya ce yau ɗin nan zai kai ƙarar Malami wurin mai gari. Ɗanmusa ya tambaye shi ko an taɓa gaya wa mutumin. Jabiru ya ce a'a, domin rabonsa da shiga gidan Malami har ya manta.

Hajo ta kalle shi ta ce, "Kullum sahe Malami ka aiko man da nono. Kai ba ka nan, ba ka sani ba. In ka kai shi ƙara, ni ka kai."

Jabiru ya bi Ɗanmusa suka je gidan Malami suka yi sallama, suka faɗa masa halin da ake ciki.

Malami ya zo da kansa ya dafa bangon daga ciki, ya ji tarin Hajo. Washegari ya mayar da shanunsa ɗaya gefen. Shi da ƙannensa suka kwashe takin a amalanke, suka haƙa magudanar ruwa. Matarsa Samira ta share ɗaki ta ce Inna ta dawo wurinta har a gama aiki.

Ɗanmusa ya farfashe simintin, ya ce a bar bangon haka ya sha iska da rana duk tsawon rani. Jabiru ya yi ta kiransa a waya yana roƙon a yi yaɓe kafin Sallah, tsohon ya ƙi. Sai bayan wata huɗu ya dawo ya yaɓe shi da laka da makuba, Hajo ta koma ɗakinta.

Damina ta zo da ƙarfi. Bayan ruwan kwana uku, Hajo ta sa aka kira mata Jabiru a waya. Ta ce ta shafa bangon tun daga ƙasa, a bushe yake, tarin ma ya sake ta.

Ranar Juma'a ya fara biyawa Bodinga ya yi wa Ɗanmusa godiya, sannan ya wuce Shagari. A zauren Malami ya durƙusa, ya faɗa masa gaskiya cewa saura kaɗan ya kai shi ƙara, ya nemi gafara.

Malami ya kama hannunsa ya tashe shi, ya ce, "Bari, Jabiru. Inna uwarmu ce duka. Da kun hwaɗa man tun shekarar hwarko, da ba ta sha wagga wahala ba."

Darasi: Kada ka yi ta rufe matsala daga sama ba ka nemi inda take tasowa ba, kuma kada ka yanke wa maƙwabci hukunci kafin ka yi masa magana. Ka gode wa masu kula da iyayenka a bayan idonka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai domin su ma su amfana.